Yadda darɓar fic ta gagari maganin feshi a kudancin Faransa

A shekarar 2009 aka ɗebo wasu ƙwarin darɓa daga wani lambun fic, wato ɗan itacen da ake kira peach da Turanci, a kudancin Faransa, aka rene su a ɗakin gwaji, aka gwada musu imidakulofirid, maganin da manoman yankin suka fi dogara da shi a lokacin. Sakamakon ya nuna cewa sai an ninka adadin maganin fiye da sau dubu kafin ya yi musu illar da yake yi wa darɓar da ba ta da juriya. Masu binciken sun sa wa wannan zuriya suna FRC, kuma a 2011 Chris Bass da abokan aikinsa na cibiyar Rothamsted da ke Ingila suka wallafa bayanin abin da ya sauya a jikinta. Wannan ne karo na farko da aka tabbatar, a darɓar da aka ɗebo daga gona, cewa gurbin da magungunan dangin nikotin, irin su imidakulofirid, ke kamawa a jijiyar ƙwaron shi kansa ya canza.

Fic yana cikin itatuwan da 'ya'yansu ke da ƙwallo guda mai tauri a tsakiya, tare da nektarin da afirikot da fulam da ceri. A Faransa ana noma shi a kwarin kogin Rhône, musamman a Drôme, sai Gard da filin Crau da kuma Roussillon kusa da iyakar Sifaniya. A ƙetaren iyakar akwai manyan lambunan Lleida da kwarin Ebro, a Italiya kuma akwai Emilia-Romagna. Lambuna ne na kasuwa, jeri bayan jeri, kuma mai saye ba ya karɓar ɗan itacen da fatarsa ke da tabo ko ya karkace.

Ƙwaron da ake magana a kansa shi ne wanda masana ke kira Myzus persicae, ɗan'uwan darɓar da muka sani a wake da gyaɗa, sai dai shi kore ne mai haske, tsawonsa kusan milimita 2 ne. Ba za a gane abin da ya faru a 2009 ba sai an san yadda yake zagaya shekara. A ƙasashen da ke da sanyin hunturu, yana kwana a jikin itacen fic a matsayin ƙwai baƙaƙe masu sheƙi, a maƙale a gindin toho. Wajen watan Fabrairu zuwa Maris ƙwan ke ƙyanƙyashewa, kuma duk abin da ya fito mace ne. Waɗannan mata ba sa bukatar namiji, ba sa kuma yin ƙwai. 'Ya'ya masu rai suke haifa, dukansu mata, kowace da gadon uwarta sak, kuma 'yar da aka haifa tana zuwa duniya da nata 'ya'yan sun riga sun fara ƙulluwa a cikinta. Idan yanayi ya yi ɗumi, kwana goma zuwa sha biyu sun isa jaririya ta zama uwa. Daga watan Mayu zuwa Yuni masu fukafukai ke bayyana, su bar fic su bazu cikin dankalin Turawa da barkono da kabeji da taba da gwozar sukari da ciyayi iri-iri, domin an ƙidaya tsirrai sama da 400 da wannan ƙwaro ke iya rayuwa a kansu. Da kaka, idan rana ta fara gajarta, sai wasu mata masu fukafukai su komo kan fic su haifi matan da za su yi ƙwai, maza su biyo bayansu, a yi barbara sau ɗaya tak a shekara. Wannan barbarar ta kan itacen fic ita ce ginshiƙin lamarin.

Ɓarnar da darɓa ke yi wa fic da wuri take farawa. Tana tsotsar ruwan fure da na sabon toho, furen ya zube, ganyen ya nannaɗe ya murɗe, reshen ya tsaya da girma. A nektarin, wanda fatarsa ba ta da gashi, tana hawa kan ɗan itacen tun yana ƙarami ta bar masa tabon da ba ya gogewa har ya nuna. Wanda ya buɗe ganye guda da ya nannaɗe a watan Afrilu zai tarar da iyaye da 'ya'ya cunkus a cikinsa, da fararen ɓawon da suka saɓule, da danƙon da tururuwa ke bi. Da zarar ganyen ya rufe haka, maganin da sai ya taɓa jikin ƙwaro yake kashe shi ba ya isa gare su. Wannan ya sa manomi ba ya iya jira, kuma ƙa'idojin noma na Emilia-Romagna suka sa ma'aunin fara feshi ƙasa ƙwarai: idan kashi 3 cikin 100 na rassan nektarin sun kamu, a yi feshi, a fic kuwa a jira kashi 10 bayan fure ya zube.

Kafin imidakulofirid ya kasa mata, wannan darɓa ta riga ta ga bayan rukunin magunguna uku. Tun a 1955 aka ba da rahoton cewa magungunan oganofosfet sun fara kasa mata a lambunan jihar Washington ta Amurka. Daga baya masu bincike a Rothamsted suka gano cewa darɓar da ke jurewa tana tara kwafin wata ƙwayar gado, har kusan 80 a wasu zuriyoyin, wadda ke sarrafa wani furotin da ke kama gubar ya lalata ta kafin ta kai ga jijiya, kuma wannan furotin kaɗai yana iya kai kashi 3 cikin 100 na dukan furotin ɗin jikinta. A farkon shekarun 1990 aka samu wani sauyin da ya sa firimikab, wanda ake sayarwa da sunan Pirimor, ya daina aiki a kan wasu zuriyoyin. Wannan rashi ne babba, domin maganin yana kashe darɓa ya ƙyale yawancin ƙwarin da ke cinta. A ƙarshen shekarun 1990 kuma aka tabbatar da sauyin da ke kare ta daga magungunan fairitiroyid. Darɓa guda tana iya ɗauke da waɗannan kariya gaba ɗaya a jikinta.

A cikin wannan hali imidakulofirid ya shigo kasuwa a 1991, kamfanin Bayer yana sayar da shi da sunan Confidor, sauran 'yan rukunin niyonikotinoyid, wato dangin nikotin, suka biyo baya. Ba abin mamaki ba ne da manoma suka rungume shi. Yana ratsa ganye ya bi ruwan jikin itacen, saboda haka ko darɓar da ta ɓuya cikin naɗaɗɗen ganye sai ta sha shi, yana daɗewa yana aiki, kuma feshi guda kafin fure ya buɗe kan wadatar na makonni. Shekara bayan shekara ana gwada darɓa daga sassan Turai ana samun cewa maganin yana nan da ƙarfinsa. An dai ga 'yar juriya kaɗan a darɓar da ke kan taba a Girka, inda aka gano cewa ta tara kwafin wata ƙwayar gado mai suna CYP6CY3, wadda asalin aikinta narkar da nikotin ɗin ganyen taba, kuma tana ɗan taɓa magungunan da suka yi kama da shi. Amma wannan bai kai ga hana feshi aiki a gona ba. Shekaru kusan ashirin aka yi a haka, har dogaro da rukuni guda ya zama al'ada, tun da sauran rukunan sun riga sun raunana.

Abin da aka tarar a zuriyar FRC kariya biyu ce a haɗe. Tana da yawan CYP6CY3 irin na darɓar taba, sannan tana da sabon abu. Magungunan dangin nikotin suna aiki ne ta hanyar manne wa wani furotin da ke karɓar saƙo tsakanin jijiyoyin ƙwaro, su sa jijiyar ta yi ta harbawa babu tsayawa har ƙwaron ya shanye. A darɓar FRC, tubali guda daga cikin ɗaruruwan da suka gina wannan furotin ya sauya: a gurbi na 81, tubalin da ake kira ajinin ya koma wanda ake kira tiriyonin, shi ya sa ake kiran sauyin R81T. Ajinin ɗin shi ne ke janyo maganin ya riƙe shi da ƙarfi. Dabbobi masu ƙashin baya, har da mutum, ba ajinin suke da shi a wannan gurbi ba, tiriyonin ake samu a yawancinsu, kuma yana daga cikin dalilan da suka sa waɗannan magunguna suka fi yi wa ƙwari illa nesa ba kusa ba. Ma'ana, sauyin ya mayar da jijiyar darɓar kusa da tamu ta wannan fuska. Tun da kuwa dukan 'yan rukunin gurbi guda suke kamawa, canza imidakulofirid da tayametokzam ko tayakulofirid bai tsinana komai ba, ko da sunan da ke jikin kwalbar ya bambanta.

Manoma a ko'ina kan ce ƙwaro ya saba da magani, kuma wannan magana tana ɓatar da mutum daga hanyar gyara. Darɓar da aka fesa ba ta koyon komai. Sauyin yana faruwa ne bisa tsautsayi a jikin wata guda cikin miliyoyi, ko da feshi ko babu, shi kuma feshin aikin rariya yake yi: marasa kariya su zube, mai kariya ta tsaya a sama, ta sami itacen ita kaɗai, ta cika shi da 'ya'ya masu gadonta cikin makonni. Duk lokacin da aka maimaita magani guda, an sake tankaɗe da rariya guda.

Sauran tambayar ita ce me ya sa abin ya ɓulla a lambun fic, bai fara a gonar dankali ko ta gwoza ba. Darɓa tana da kwafi biyu na kowace ƙwayar gado. Gwajin da aka yi a ɗakin binciken Anses, hukumar kula da lafiyar abinci da muhalli ta Faransa, da ke Lyon ya nuna cewa wadda ke da R81T a kwafi ɗaya juriyarta matsakaiciya ce, wadda ke da shi a duka biyun kuwa ita ce ke gagara. Muddin uwa tana haihuwa ba namiji, 'ya'yanta suna nan da kwafi ɗaya kamar ita. Amma idan namiji mai kwafi ɗaya ya haɗu da mace mai kwafi ɗaya a kan fic da kaka, kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwan zai fito da kwafi biyu. Barbarar ita ce kuma ke haɗa kariya daban-daban a jiki guda, ta ɗauko ta fairitiroyid daga uba, ta firimikab daga uwa. Sai ga shi waɗannan ƙwai suna ƙyanƙyashewa daidai lokacin da ake yin feshin farko na shekara, a kan itatuwan da suke wuri guda shekara goma sha biyar ko fiye, ana ba su magani iri ɗaya. A ganina wannan ne darasin da ya fi nauyi a lamarin, kuma shi ne aka fi sakaci da shi kafin 2009: lambun fic shi ne wurin da wannan ƙwaro ke gauraya gadonsa, don haka a can ya fi kamata a yi taka-tsantsan da maimaita magani, amma a can aka fi maimaita shi.

A 2010 kamfanin Syngenta ya tattara darɓa daga lambunan Faransa da Sifaniya, aka sami masu juriya a yankunan noman fic na kudancin Faransa da kuma arewacin Sifaniya, abin da ya nuna cewa matsalar ta riga ta bazu kafin a farga. Cikin 'yan shekaru aka tabbatar da R81T a Italiya, sannan a Girka da Tunisiya. An kuma sami sauyi iri ɗaya a darɓar auduga a Koriya ta Kudu da Sin da Japan, wadda wani jinsi ne dabam, ta kuma kai gare shi da kanta.

Kwamitin IRAC, wanda kamfanonin magungunan ƙwari suka kafa don sa ido kan juriya, ya fitar da gargaɗi ga manoman 'ya'yan itace masu ƙwallo. Inda aka ga alamar juriya, a daina amfani da dangin nikotin a kan wannan darɓa, inda ba a gani ba kuma, kada a wuce feshi guda a shekara, a riƙa sauyawa da magungunan da ke kama wani gurbi dabam. Don sauƙaƙa wannan ne ake buga lambar rukuni a jikin takardar magani: 1 ga oganofosfet da firimikab, 3 ga fairitiroyid, 4 ga dangin nikotin, 23 ga sifirotetiramat, 29 ga fulonikamid. Shawara ce mai kyau, amma ta zo a makare, kuma tana da rauni guda wanda babu kwamitin da zai iya gyarawa: darɓa mai fukafukai ba ta san iyakar gona ba, don haka mai kiyaye ƙa'ida yana karɓar baƙi daga lambun maƙwabcin da bai kiyaye ba. Wannan batu na lambar rukuni ya shafe mu kai-tsaye, domin imidakulofirid da asitamifirid suna cike da shagunan maganin gona a garuruwanmu da sunayen kasuwa barkatai, kuma mai lambun barkono da ya bar wannan kwalba ya sayi waccan yana iya zama bai fita daga rukuni na 4 ba.

Abin da ya kawo ƙarshen waɗannan magunguna a lambunan Faransa daga wata fuskar ya fito, wato ƙudan zuma. Daga Disamba 2013 Tarayyar Turai ta hana fesa imidakulofirid da kulotiyanidin da tayametokzam a kan shukar da zuma ke ziyarta sai bayan fure ya zube, a 2018 kuma ta hana amfani da su a fili gaba ɗaya. Faransa ta zarce haka: dokar 8 ga Agusta 2016 ta haramta dukan dangin nikotin daga 1 ga Satumba 2018, har da asitamifirid wanda maƙwabtanta ke ci gaba da amfani da shi, daga 2020 kuma haramcin ya haɗa da wasu sababbin magunguna biyu masu kama gurbi guda. A daidai wannan tsakanin aka janye izinin faimetirozin, wani maganin darɓa daga rukuni dabam, a Tarayyar.

Magunguna biyu suka ɗauki nauyin aikin. Fulonikamid, mai sunan kasuwa Teppeki, ana fesa shi ne kafin fure ya buɗe, lokacin da tohon furen ya yi ruwan hoda. Ba ya kashe darɓa nan take. Hana ta tsotsa yake yi cikin sa'o'i kaɗan, ta zauna a kan ganyen da ranta har yunwa ta kashe ta bayan kwanaki, kuma manomin da bai san haka ba zai iya zagayawa washegari ya gan ta tana motsi ya ɗauka maganin ya ƙi. Sifirotetiramat, mai sunan Movento, sai ganye ya fito ake fesa shi, domin ta ganye yake shiga ya bi itacen sama da ƙasa har sabon tohon da bai fito ba a ranar feshin, yana hana 'ya'yan darɓa girma yana rage haihuwar iyayen. Shi ma an riga an sami darɓar fic mai jure masa a Ostareliya, kuma izininsa a Tarayyar Turai ya ƙare a 2024 ba a sabunta ba. Idan aka bar fulonikamid shi kaɗai, an koma halin da imidakulofirid ya shiga, kuma babu wani dalili a tarihin wannan ƙwaro da zai sa a yi zaton sakamakon zai bambanta.

Hanyoyin da ba na guba ba suna nan, ko da yake babu ɗaya daga cikinsu da ke aiki kamar yankan wuƙa. Ana fesa man farafin a ƙarshen hunturu ya lulluɓe ƙwai da sababbin ƙyanƙyasa ya shaƙe su, kuma sauyin R81T ba shi da abin da zai yi game da wannan. Ana fesa farar ƙasa ta kawolin da kaka, ganyen ya yi fari fat, masu komowa su rage sauka a kai, sai dai ruwan sama yana wanke ta a sake. Wannan dabarar ta fi burge ni, saboda tana tarar ƙwaron a gaɓar barbara, inda juriyar ke ƙulluwa. Binciken cibiyar nazarin noma ta INRA da ke Avignon ya nuna cewa itacen da aka datse rassansa da yawa a hunturu yana fitar da sabon toho mai yawa, darɓa kuma ta fi yawa a kansa, kuma yawan takin naitirojin da aka ba itacen yana tasiri a kan saurin haihuwarta. Akwai kuma maƙiyanta na halitta: jan buzuzun nan mai ɗigo-ɗigon baƙi, da tsutsar wasu ƙudaje masu kama da zuma, da 'yan mitsi-mitsin zanzaro da ke zuba ƙwai a cikinta har ta kumbura ta bushe ta zama ruwan ƙasa. Matsalarsu ita ce sukan makara, sai darɓa ta naɗe ganye suke yawaita, feshin fairitiroyid kuma yana kashe su ya bar darɓa mai juriya. A Avignon ɗin dai an gano ƙwayar gado mai suna Rm2 a wani irin fic mai jan ganye da ake kira Rubira, wadda ke sa darɓa ta bar itacen cikin 'yan kwanaki, amma shigar da ita cikin irin da kasuwa ke so aiki ne na shekaru masu yawa.

Akwai hujjar da ake yawan kawowa don a ci gaba da yawan feshi, wato cutar sharka, wadda aka fara gani a Bulgeriya a farkon ƙarni na 20, kuma ita ce mafi muni ga itatuwan wannan dangi. Gaskiya ne darɓar fic tana cikin masu yaɗa ta. Amma ƙwayar cutar tana manne ne a bakin ƙwaron na ɗan lokaci, kuma darɓa mai wucewa da ta sauka ta ɗanɗana ganye na daƙiƙu kaɗan ta tashi ta riga ta ɗauka ko ta sauke, tun kafin kowane magani ya kama ta. Shi ya sa a Faransa ake yaƙar sharka da zagayen duba ganye da fure, da tumɓuke itacen da ya kamu, wani lokaci lambun baki ɗaya, da kuma dasa tsiron da aka tabbatar da lafiyarsa.

A 2025 majalisar Faransa ta amince da dokar da ake kira Duplomb, wadda ta nemi buɗe ƙofar dawo da asitamifirid ga wasu amfanin gona, bisa koken manoma cewa takwarorinsu na Sifaniya da Italiya suna amfani da shi. Mutum fiye da miliyan biyu suka sa hannu a takardar ƙin amincewa, kuma a ranar 7 ga Agusta 2025 majalisar kare tsarin mulki ta soke wannan sashe. Koken manoman game da rashin daidaito a kasuwa yana da tushe, amma ga mai lambun fic da darɓarsa ke ɗauke da R81T a kwafi biyu, dawowar asitamifirid ba za ta warware masa matsalar ba, domin shi ma ɗan rukuni na 4 ne, gurbin da ya riga ya sauya yake nema.